Yadda ake shiga sabar Linux da makullin SSH ba tare da ka kulle kanka a waje ba

In ka kama sabar Ubuntu a intanet ka bar ta da kalmar sirri kawai, leƙa /var/log/auth.log, fayil ɗin da sabar ke rubuta duk wani yunƙurin shiga, washegari ka ga ikon Allah. Manhajojin ɓarayi daga ko'ina suna ta buga tashar 22, ƙofar SSH (hanyar shiga sabar daga nesa), ba dare ba rana, yau root (asusun da ke da iko kan komai) gobe admin, suna canka kalmar sirri ko za a dace. Makullin SSH ne maganinsu kuma haɗa shi ba wuya, sai dai akwai wuri ɗaya da yaran da ke koyon aikin nan a wajenmu a Kaduna suke yawan zamewa, to nan zan fi tsayawa. Na ɗauka ka iya buɗe tarminal kuma kana da IP ɗinka.

Makulli a laftof ɗinka ake ƙera shi, ba a kan sabar ba. Rubuta ssh-keygen -t ed25519. Ni ba na bin RSA, tsohon nau'in makulli, yanzu, tun 2014 OpenSSH 6.5 ya zo da ed25519, gajere ne kuma yana da ƙarfi, kai ma shi za ka bi. Zai nemi ka sa wa makullin kalmar sirri, ka sa, don laftof yana iya bin mai keke ko ya kwana a shagon mai gyara. Fayil biyu za ka samu cikin ~/.ssh, mai .pub a ƙarshe shi ne na rabawa, ɗayan kuma ko ɗan uwanka ba ka tura masa ta WhatsApp ba.

Shiga sabar a matsayin root ka buɗe mai amfani na kanka: adduser aliyu, sai usermod -aG sudo aliyu don ya iya ba da umarni da ikon root. Bar wannan tarminal a buɗe. Dawo laftof ka yi ssh-copy-id aliyu@IP ɗinka.

Masu Windows galibi ba su da ssh-copy-id, sai su kwafi makullin da hannu su zuba cikin /home/aliyu/.ssh/authorized_keys alhali suna matsayin root, fayil ɗin ya zama na root, ba na aliyu ba. Wani kuma da ya ga abu ya ƙi sai ya danna chmod 777 a kan komai wai ya buɗe hanya, shi kuwa sshd, manhajar da ke karɓar masu shiga a kan sabar, da ya ga kowa na iya rubutu a babban fayil ɗin .ssh sai ya ƙi makullin gaba ɗaya, kuma ba zai faɗa maka dalili ba, Permission denied kawai za ka gani a naka ɓangaren. Dalilin yana can cikin auth.log, za ka ga bad ownership or modes. Gyaran layi uku ne: chown -R aliyu:aliyu /home/aliyu/.ssh, sai chmod 700 a kan .ssh, sai chmod 600 a kan authorized_keys. Shi ma /home/aliyu kada ya zama wanda wasu ke iya rubutu a ciki.

Yanzu sai babban wajen. Kafin ka taɓa /etc/ssh/sshd_config, fayil ɗin saitin sshd, buɗe tarminal na biyu ka shiga a matsayin aliyu da makulli, ka gwada sudo ls /root ka ga ya karɓa. In bai shiga ba tsaya nan, ssh -v zai nuna maka wane makulli yake miƙawa. In ya shiga, sai ka sa PasswordAuthentication no da PermitRootLogin no a cikin sshd_config don rufe shiga da kalmar sirri da shigar root, ka yi sudo sshd -t don ya duba ko ka yi kuskuren rubutu, sannan sudo systemctl reload ssh. Kuma don Allah kada ka rufe tarminal na farko. Wanda ya riga ya shiga ba a korarsa in an yi reload, shi ne hanyar komawarka in wani abu ya karye. Buɗe na uku ka sake gwadawa daga farko, sai ya shiga lafiya ka rufe sauran.

Wannan ne ya sa nake cewa kada ka yi aikin nan da batir saura kaɗan ko da rawutar da ke jone da wutar NEPA kai tsaye. A ɗauke wuta kana tsakiyar gyara, haɗin ya yanke, in akwai abin da ya karye shi ke nan sai ka koma neman konsol a shafin kamfanin da ka kama sabar, kuma can ɗin kalmar sirri yake nema, wadda da yawa sun manta. Yi caji, ka kunna hotspot na waya, SSH ba ya cin data sosai.

Wani abu da ke ruɗa mutane a Ubuntu: ka sa no amma har yanzu tana karɓar kalmar sirri. Duba cikin /etc/ssh/sshd_config.d/, sau da yawa akwai 50-cloud-init.conf da ya ce yes, shi ake fara karantawa kuma abin da aka fara gani shi ke aiki. sudo sshd -T | grep -i passwordauth zai faɗa maka gaskiyar abin da ke ci.

Sauran mai sauƙi ne. Wajen ufw, katangar da ke tace masu shigowa sabar, ufw allow OpenSSH tukuna sannan ufw enable, kada ka juya su don kada ta tare ka a waje. Sa sunan sabar da IP cikin ~/.ssh/config don ka huta da haddace lamba. Fail2ban, manhajar da ke toshe IP ɗin masu yawan canka kalmar sirri, in kana so, ni dai da an rufe kalmar sirri ban cika damuwa da shi ba. In kana da kwamfuta ta biyu, ƙera mata nata makullin ka ƙara shi a layi na biyu cikin authorized_keys.