Kwana a Tsaunukan Sikotlan a Watan Nuwamba: Abin da Sabon Zuwa Zai Shirya

Wanda ya zo Birtaniya karatu ko aiki a watan Satumba, kafin ya gama gane gari kaka ta yi nisa, sai abokai su ce a ɗauki jaka a je tsauni a kwana biyu. A je ɗin, tafiya ce mai kyau. Amma ku sani sanyin da muka saba da shi a gida, ko na Jos ne ko na hunturun Damagaram, busasshe ne, rigar sanyi ɗaya ta ishe shi. Na Sikotlan jiƙaƙƙe ne, ga iska a kai, kuma shi ne ke kayar da mutum tun ma'aunin zafi bai sauka ƙasa da sifiri ba.

Ku fara lissafi daga faɗuwar rana. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, saboda haka a tsakiyar Nuwamba, a yankin garin Fort William da ke yammacin Sikotlan, rana na fitowa wajen ƙarfe 8 ta faɗi jim kaɗan bayan ƙarfe 4. Awa takwas ke nan, a ciki za a naɗe tanti, a yi tafiya, a ci abinci, a yi Azahar da La'asar, a sake kafa tanti da sauran haske. Masu hawan dutse a nan suna aiki da ƙa'idar Naismith ta 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Da jaka mai nauyi da laka a hanya, ku ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan abin da lissafin ya ba ku.

Kada tafiyar farko ta zama Ben Nevis, tsauni mafi tsayi a Birtaniya. Tsayinsa mita 1,345 ne, zafi kuma yana raguwa da kusan digiri ɗaya a kowane mita 150, don haka ana yayyafi a ƙasa, dusar ƙanƙara ce a sama. Mun fi ba da shawarar wani yanki na West Highland Way, hanyar ƙafa mai kilomita 154 daga Milngavie zuwa Fort William, domin tana da alamomi, rafukanta kuma galibi akwai gada. A hau jirgin ƙasa daga tashar Queen Street ta Glasgow a sauka Bridge of Orchy. Ranar farko wajen kilomita 19 ne zuwa Kingshouse, ta gefen fadamar Rannoch, inda za ku yi awanni babu inda za ku fake wa iska. Rana ta biyu kilomita 14 zuwa Kinlochleven, ta kan Devil's Staircase mai tsayin kusan mita 550, wurin da ya fi ko'ina tudu a hanyar. A nan ya kamata sabon shiga ya tsaya. Ragowar kilomita 24 zuwa Fort William sun yi wa gajeriyar rana yawa. Wani amfanin wannan zaɓi shi ne babban titin A82 yana kusa da Kingshouse, kuma motocin bas na kamfanin Citylink na bi ta kansa, idan yanayi ya ɓaci akwai hanyar komawa. Ku duba jadawalin lokacin sanyi, ku kuma buga waya ku tabbatar masaukin da kuke sa rai a buɗe yake, don wasu suna rufewa bayan Oktoba.

Maganar tufa ita ce inda aka fi yin kuskure. Auduga ba ta zuwa tsauni: ba shadda, ba wandon jins, ba singileti na auduga. Tana shan zufa ta riƙe, da zarar an tsaya hutawa sai ta riƙa zuƙe ɗumin jiki. A jikin fata a sa ulu ko yadin roba mai saurin bushewa, a ɗora riga mai laushi ta ɗumi, a rufe da riga da wando masu hana ruwa shiga. Safar hannu biyu, don ɗaya za ta jiƙe. Kayan barci daban, a ƙulle cikin leda, ba a taɓa su sai an shiga tanti, da safe kuma a mayar da jiƙaƙƙun jiya ko da rai ba ya so. Takalmi a fara yawo da shi a gari na makonni, sabon takalmi kanta yake yi.

Jakar barci tana da lambobi uku a jiki masu nuna sanyin da take jurewa, ku dubi ta jin daɗin barci (comfort) kawai, ta kai akalla digiri 5 ƙasa da sifiri. Shimfiɗar ƙasa ta zama mai lambar R (ma'aunin riƙe ɗumi) 4 ko sama, domin ƙasa ta fi iska satar ɗumi. Gas na girki ma akwai tarko: zallar butane ba ya tashi idan sanyi ya kai sifiri, sai ku ga risho ya ƙi kamawa da asuba. Ku sayi wanda aka gauraya da propane, ku kwana da gwangwanin a cikin jakar barci tare da waya, don sanyi na cinye batir. Abinci mai sauƙin dafawa da mai maiƙo: taliya, garin alkama na kunu, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dabino a aljihu. Ruwan rafi a tafasa shi. Alwala da ruwa mai ɗan ɗumi, a goge ƙafa ta bushe sarai kafin a mayar da safa, hukuncin ƙasaru da shafa a kan huffi kuwa a tambayi malami tun a gari. Duka jakar kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita.

Dokar 2003 ta ba da damar kafa tanti a mafi yawan filayen Sikotlan, muddin an nisanci gidaje da gonaki, an kuma kwashe shara. A Ingila da Wales ba haka ba ne, sai da izinin mai ƙasa, in ban da wasu sassan Dartmoor.

Daren tashi da safiyar tashi a karanta hasashen yanayi na MWIS (masu hasashen yanayin tsaunuka) ko na Met Office (hukumar yanayi ta Birtaniya) na tsaunuka, ba na gari ba. Iskar da ta kai mil 40 a awa tana hana mai jaka tafiya daidai, idan kun ga haka ku ɗaga tafiyar. Ku riƙe taswirar Ordnance Survey (hukumar taswira ta Birtaniya) ta takarda da kamfas, tocilan ta goshi da batir na ajiya, da usur. Ku bar wa wani a gari sunan hanya da lokacin dawowa. Ku aika kalmar register zuwa 999, lambar neman agajin gaggawa, tun kuna gida, don ku iya neman agaji ta saƙo inda sabis ya yi rauni. Idan abokin tafiya ya fara karkarwa, harshensa ya yi nauyi, yana tuntuɓe, sanyi ya fara cin jikinsa: a tsaya nan take, a kafa tanti, a canza masa busassun kaya, a ba shi shayi mai sukari idan yana iya haɗiya. Idan bai farfaɗo ba a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce masu ceto na tsauni ake so. Alamar neman taimako da usur busa shida ce, a dakata minti ɗaya, a sake.