Yadda Ake Zaɓar Risibar Da Za Ta Ɗauki Lasifikoki Masu Sauƙin Kuɗi

Lokacin da na tashi haɗa sinimar gida a falona a Kubwa, tambaya ɗaya na riƙa yawo da ita shago-shago: wat nawa ce? Wani yaro ya juyo mini da kwali, an rubuta 3000W PMPO da jan rubutu, ya ce, "Alhaji, wannan in ka kunna a Kubwa sai an ji a Zuba." Na ɗaga na'urar da yatsa biyu. Wannan PMPO ɗin lambar talla ce kawai, babu wata ƙa'idar awo da aka yarda da ita a kanta. Mai neman risiba, wato amfilifayar da ke karɓar hoto da sauti ta raba wa lasifikoki biyar ko bakwai, ba daga wannan lambar zai fara ba.

Fara da juya lasifikarka ka karanta bayanta. Lambobi biyu kake nema. Ta farko tana da dB, wato desibel, a gefe, ita ce ke nuna ƙarar da lasifikar za ta yi in an ba ta wat ɗaya, mutum yana tsaye mita ɗaya daga gare ta. Yawancin masu araha suna tsakanin 85 da 90. Kada ka raina wannan tazarar. Duk ƙarin desibel 3 sai an ninka wat, don haka abin da lasifika mai 90 za ta yi da wat 25, mai 87 sai ta ci 50, mai 84 kuwa sai 100. Mutum biyu za su sayi risiba iri ɗaya, ɗaya ya yaba, ɗaya ya ce ba ta da ƙarfi, alhali bambancin yana jikin akwatunansu.

Ta biyu ita ce om, mai alamar Ω, wadda ke nuna yadda lasifika ke jan wuta daga risiba. Takwas ko shida ba damuwa, kusan kowace risiba tana ɗauka. Huɗu tana jan wuta sosai, ƙaramar risiba za ta yi zafi ta riƙa kashe kanta, sai in an rubuta 4Ω a bayanta kusa da inda ake ɗaura waya. A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami: a sayi 'yan lasifikokin gwanjo da suka rabu da uwarsu, irin na saitin da ake sayarwa a kwali ɗaya tare da na'urar DVD. Da yawansu om 3 ne, an ƙera su don injinsu kaɗai. Araha ba ta ado. Ka bar su inda ka gan su.

Daga nan sai ka auna falo, daga inda lasifika za ta zauna zuwa kujerarka. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙara tana raguwa da kusan desibel 6 a fili, a cikin ɗaki kuma bango yana dawo da wani abu. Nawa mita uku ne. Lasifikata mai 87 ce, ke nan da wat ɗaya kacal kusan 78 ke isowa kunnena, wanda ya fi ƙarar hira nesa ba kusa ba. Wat 50 zai kai ni wajen 95, daidai inda maƙwabci zai fara ƙwanƙwasa ƙofa. In na ƙara kuɗi na sayi mai wat 100, abin da na samu 98 ne. Kunne zai ji an ɗan ƙara, shi ke nan. Kafin mutum ya ji kamar ƙarar ta ninka, sai an ninka wat sau goma. Shi ya sa nake ganin ɓarnar kuɗi ne a tsallake risiba mai wat 70 a koma mai wat 90 saboda lamba. Ga falon gidan haya irin namu, wat 50 zuwa 80 na gaskiya ga kowace lasifika ya isa har da ragowa.

Kalmar "na gaskiya" ita ce aikin. Buɗe littafin risibar, ko ka nemi lambar samfurinta a intanet kana tsaye a shagon, ka nemo layin da ya ce lasifika biyu suna aiki tare, om 8, daga 20Hz zuwa 20kHz, gurɓacewar sauti, wato THD, ƙasa da kashi 0.1 cikin ɗari. Wannan ne awon da za ka kwatanta da shi. Yamaha RX-V385, alal misali, wat 70 take bayarwa a wannan awon, amma idan aka auna ta da lasifika ɗaya a 1kHz sai ta koma 100. Inji ɗaya ne, tambayar ce ta canza. In ka ga om 6, lasifika ɗaya, THD kashi 10, ka san an matse ta ne har ta fara kuka sannan aka rubuta. Leƙa bayanta kuma ka ga wutar da take ja daga bango. Ba cikakken ma'auni ba ne, amma na'urar da ke jan wat 200 ba za ta raba wa lasifika biyar wat 200 kowacce ba.

Wasu suna tsoron kada babbar risiba ta ƙona ƙaramar lasifika. Yana faruwa, amma ni akasin haka na gani. Ranar sunan ɗiyata aka fitar da kayana tsakar gida, ƙanena ya murɗa ƙaramar amfilifayar da nake da ita har ƙarshe. Da ta kai iyakarta sai sautin ya koma kaushi, kafin la'asar 'yar ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siririyar murya ta ƙone. Da zarar ka ji murya ta fara tsaga kunne, rage.

In da sauran kuɗi, zuba su a wufa, wato lasifikar sautin ƙasa, mai injinta a ciki, wadda ake jonawa da bango. Sautin ƙasa, irin rugugin fashewa a fim, shi ke cinye wat. Shiga saitin risiba ka sa lasifikokin a kan Small, ka tsayar da mararraba, wato Crossover, inda ake raba sauti tsakanin lasifikoki da wufa, a 80Hz. Duk abin da ke ƙasa da haka wufa za ta ɗauka, risiba ta huta.

Sai batun gwanjo. Denon, Onkyo, Pioneer da Yamaha na hannu suna da kyau, amma karanta wutar kafin komai. Tamu 230V ce. Wadda ta fito daga Amurka 120V take sha, ta Japan 100V, in ka jona kai tsaye hayaƙi za ka gani; sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ta fi ƙarfin abin da risibar ke ja. Tabbatar tana da HDMI mai ARC don sautin talabijin ya dawo ta waya ɗaya, ka tambayi rimot da 'yar makirufo ta daidaita sauti, don sukan ɓace a hanya. Ka sa a gwada kowace kafa ɗaya bayan ɗaya, a bar ta tana aiki minti ashirin, ka ɗora tafin hannu a samanta.

A gida, haɗa ta da sitabilaiza, musamman in kana komawa kan janareta. Kada ka kulle ta a durowar talabijin ko ka ɗora mata dikoda a ka, zafin Maris na Abuja kaɗai ya ishe ta. Da hunturu kuma ina lulluɓe tawa da ɗankwalin uwargida in an kashe, saboda ƙura, in yaye kafin a kunna.