Motar alfarma mai naɗe rufi a Zariya: kurakuran da ke cinye aljihun mai ita

Tsohuwar Mercedes SLK, ko BMW mai ƙofa biyu da rufinta ke naɗewa ya shige but, tana da arha idan aka kwatanta da kuɗinta tana sabuwa. Wannan arhar ce ke jan matasanmu daga Samaru zuwa Sabon Gari. Sai dai kayan gyaranta ba su sauko tare da ita ba, suna nan a farashin motar manya, kuma da dala ake shigo da su. Ina son waɗannan motoci ƙwarai, kuma yana yi mini ciwo in ga an jingine su a gareji ƙura ta rufe su, alhali yawancin abin da ya kai su can abu ne da za a iya kauce masa.

Kuskure mafi tsada shi ne sayen motar ba tare da an gwada rufin yadda ya kamata ba. Dillali zai danna sau ɗaya, rufi ya buɗe, mai saye ya washe baki. Wani ma cewa zai yi, "Alhaji, fis ne kawai ya ƙone, ɗari biyar za ta gyara." Kada ka yarda. Rufin SLK ta 1996 zuwa 2004, da na Mercedes SL ta 2001 zuwa 2011, da na BMW E93 da ta fito a 2007, duk da ƙarfin mai suke aiki: akwai famfo, akwai siraran bututai, akwai silindoji da ke tura ƙarafa, sannan ga ƙananan maɓallai masu gaya wa kwamfutar mota cewa wannan sashe ya gama, na gaba ya tashi. Robobin cikin silindojin nan suna bushewa da shekaru, zafinmu na bazara kuma yana gaggauta hakan. Ka sa a buɗe a rufe sau da yawa a jere a gabanka. Ka saurara ko famfon yana kuka, ka lura ko rufin yana tsayawa a tsakiya kamar mai shawara. Bayan nan ka shafa yatsa a yadin da ke saman gilashin gaba, ka ɗaga shimfiɗar but ka taɓa ƙasanta. In ka ji maiƙo, silinda na yoyo, kuma idan ɗaya ta fara, sauran na kan hanya domin shekarunsu ɗaya. Wannan kuɗi ne da ya kamata a zabtare daga farashi tun kafin a yi sallama.

Ranar da rufi ya ƙi motsi, nan ne mutane ke yin ɓarnar da ta fi ciwon asali. Sai a tara majiya ƙarfi a danne shi da hannu, ƙarfe ya lanƙwashe, daga nan ba zai sake zama daidai ba. Sau da yawa matsalar ƙarama ce. A cikin but akwai wani labule da ke raba kaya da wurin kwanciyar rufi. In ba a ja shi ya shiga mazauninsa ba, motar ba za ta taɓa yarda ta buɗe ba. Batir mai rauni ma yana hana shi. SL ɗin da na ambata batir biyu gare ta, ɗaya na tayar da inji, ɗaya a but na sauran kayan lantarki, kuma mutane da dama ba su san da na biyun ba. Ka fara da waɗannan. In da gaske sai an rufe da hannu, littafin motar ya bayyana yadda ake sakin ƙarfin man tukuna. Kuma don Allah kada a zuba man birki ko man giya a famfon rufi don an ga ya ragu. Yana da nasa man na musamman, wani dabam yana cinye robobin ne.

Sai batun yanayinmu. Da hunturu ƙura takan cika ƴan hanyoyin da aka yi wa ruwa a gefen rufi da bakin but. Ba wanda ke lura, sai ruwan Agusta ya zo, ya rasa mafita, ya gangara cikin but inda famfo da na'urorin lantarki suke zaune. An san SL da wannan matsala tun a ƙasashen da ba su da ƙura irin tamu. Maganin ba ya cin kuɗi: kafin damina a wanke hanyoyin nan, a zuba ruwa da buta a ga ya fita ta ƙasa, a goge robobin rufi a shafa musu man da aka yi dominsu. Wadda rufinta na yadi ne, kamar Mercedes CLK ko Audi A5, rana ce babbar abokiyar gabarta. In ba ka da rumfa a gida, ka yi ta kafin motar ta iso. Kuma kada a naɗe yadi yana jiƙe.

Kuskuren da ya fi sosa mini rai shi ne na bakanike. Muna da ƙwararru a Zariya, ban raina kowa ba, amma hannun da ya saba da Golf da Corolla yana da wasu dabaru da ke kashe injin Bajamushe. Da zarar ya ga zafi, sai ya cire tamostat, ya haɗa fanka kai tsaye, ya cika lagireto da ruwan rijiya. A BMW E93 mai silinda shida famfon ruwan na lantarki ne, kwamfuta ke sarrafa shi, kuma yakan mutu ba tare da gargaɗi ba. In alamar zafi ta kama a hanyar Kaduna, ka tsaya nan take, kada ka ce bari in lallaɓa zuwa Kwangila. Irin BMW 335i mai injin N54 kuma an san ta da lalacewar famfon fetur mai matsin ƙarfi, ga yoyon baƙin mai ta gaskit. Ka nemi wanda ke da na'urar karanta kwamfutar motocin wannan kamfanin musamman, ko da sai ka kai ta Kaduna ko Kano, ka kuma ce masa a fili: "Oga, kada a yanke waya ko ɗaya sai an kira ni."

SL tana da ƙarin abubuwa biyu da mai saye ya kamata ya sani. Da yawansu suna da tsarin ABC, wato mai ne ke riƙe da tsayin motar maimakon shokozoba irin wadda muka saba. In ka zo da safe ka ga ta durƙusa ta gefe ɗaya, ka shirya kashe kuɗi masu nauyi. Birkinta ma, wanda ake kira SBC, da famfon lantarki yake aiki, kuma yana da iyakar aikin da aka ƙiyasta masa. Wanda ke son kwanciyar hankali ya fi kyau ya duba Lexus SC430, wadda aka ƙera daga 2001 zuwa 2010. Injinta V8 ne mai juriya, amma bel ne ke daidaita lokacin aikinsa, wato taimin bel, don haka ka tambayi yaushe aka canza shi, in ba shaida ka canza da kanka.

Takardu kuwa ba wasa. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka duk motar da aka ce maka ta Kwatano ce, ka tantance takardun kwastan kafin ka biya. Da yawa daga cikin masu zuwa daga Amurka a gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya aka saye su. Lambar shasi za ta nuna maka tarihinta a intanet. Motar da ta taɓa nutsewa a ruwa, mai wayoyi da yawa irin wannan, ka bar ta ko nawa aka rage.

Lissafin yau da kullum shi ne abin da ake mantawa. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, injin V6 ko V8 ya zama nauyi na gaske ga mai albashi. Inshorar dole ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a 2023, kuma ba ta biyan ɓarnar motarka, ta wanda ka buga kawai. Motocin nan gajeru ne, tayoyinsu sirara, tudun rage gudu da ramukan cikin gari suna fasa taya suna lanƙwasa rim, sau da yawa ma tayar baya ta fi ta gaba faɗi, ba a musanya su. Injin da giya za ka iya samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, amma silindar rufi sai an aika Ladipo a Legas ko an yi oda daga waje, a jira makonni. Shawarata ita ce kada ka zuba duk abin da ke hannunka a sayen motar. Ka ajiye kaso mai kauri na shekarar farko, kuma ka riƙe wata ƙaramar motar da za ta kai yara makaranta ranar da wannan ke jiran kaya.