Masu walda da makanikai, ga yadda za ku kiyaye kanku daga ƙurar molibdenam da ciwon gaut

In kana walda ko gurzar ƙarfen nan da ba ya tsatsa mai lamba 316, to kana shaƙar molibdenam, wani sinadarin ƙarfe da ake gaurayawa a cikinsa, don kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na ƙarfen shi ne. Baƙin giris ɗin da makanikai ke cusa wa shaf ɗin mota ma sau da yawa akwai shi, duba jikin gwangwanin za ka ga MoS2, alamar akwai molibdenam a ciki ke nan.

Jiki na buƙatar molibdenam amma ɗan mitsitsi, da taimakonsa jiki ke samar da wani sinadari mai suna yurik asid, wanda in ya yi yawa a jini yake taruwa a gaɓa ya zama gaut, ciwon nan da ke tada mutum cikin dare babban yatsan ƙafa ya kumbura ya yi zafi ko zanin gado ba ka so ya taɓa shi. A 1961 an ga irin ciwon a wasu ƙauyukan Armeniya da ƙasarsu ke cike da sinadarin, a 1979 kuma aka gwada ma'aikatan wata masana'antar gasa shi a Kolorado ta Amurka aka ga yurik asid ɗinsu ya haura. Masana ba su yanke cewa shi ke kawo gaut ba, amma ni dai a ganina bai kamata ka jira ba.

Ka yi walda inda iska ke kaɗawa, kar ka kifa kanka kan hayaƙin. Hankici ko rawani a hanci ba ya tare hayaƙin yadda ya kamata wallahi, nemi takunkumi mai matata ka dinga canza ta. Ƙurar gurza kuma yayyafa mata ruwa kafin ka share, ban da hura ta da kwamfaresa. Abin da ya fi damuna shi ne cin abinci a gareji da hannu duk giris, an ɗan goge da tsumma an kai loma, haba malam, sabulu nawa yake. Tufafin aiki ma a bar su a shago.

In gaɓa ta kumbura kar ka tsaya sayen maganin zafi a kyamis, je asibiti a gwada jininka, ka faɗa wa likita sana'arka da irin ƙarfen da kake taɓawa ko bai tambaya ba. Kafin nan sha ruwa sosai, ka rage kayan ciki da lemon kwalba.