Yadda Za Ka Jira Sabon Kashin Doctor Who Ba Tare Da Ka Zalunci Marubucinsa Ba

A watan Oktoba na 2025 BBC ta sanar cewa haɗin gwiwarta da kamfanin Disney a kan shirin Doctor Who ya ƙare, ta kuma ce Russell T Davies ne zai rubuta kashi na musamman na Kirsimetin 2026. Kashin da ya gabace shi, wanda aka nuna ranar 31 ga Mayu 2025, ya bar mu baki buɗe. Ncuti Gatwa, mai fitowa a matsayin Dakta, jarumin shirin, ya sake jiki, sai ga fuskar Billie Piper, wadda muka sani a matsayin Rose, abokiyar tafiyar Dakta, tun 2005, kuma a jerin sunayen ƙarshe ba a rubuta cewa ita ce sabuwar Dakta ba. Dogon jira irin wannan yana da illa. Mutum yakan zauna ya tsara nasa kashin a ransa, ya ƙawata shi son ransa, ranar da na gaskiyar ya fito kuma sai ya hau fushi don bai yi kama da nasa ba. Ina son shirin nan ƙwarai, kuma raina yana ɓaci idan na ga an auna aikin marubuci da labarin da bai taɓa cewa zai bayar ba. Don haka ga yadda nake ganin ya kamata a yi jiran.

Ga wanda bai san shirin ba, BBC ta fara nuna shi ranar 23 ga Nuwamba 1963. Dakta baƙo ne daga duniyar Gallifrey, mai zuciya biyu, yana ratsa zamani da sararin samaniya a jirginsa TARDIS, wanda daga waje rumfar wayar 'yan sandan Ingila ce shuɗiya, cikinsa kuwa ya ninka wajensa girma. Idan ajali ya riske shi sai ya sake jiki, ta haka ake sauya ɗan wasa labari ya ci gaba. An dakatar da shirin a 1989, Davies ya farfaɗo da shi a 2005 daga birnin Kadif na yankin Wales.

Da zarar an faɗi sunan wanda zai rubuta kashin, koma ka kalli aikinsa na baya guda biyu ko uku. Ka tabbata akwai ɗaya a ciki wanda bai burge ka ba a karon farko, domin a nan ne za ka fi ganin halinsa. Abin da kake nema shi ne abin da yake damun marubucin, wanda yake ta komawa kansa ko an ba shi wane irin labari.

Ɗauki Steven Moffat, ɗaya daga cikin marubutan shirin. A 2005 ya kawo yaro sanye da abin kare fuska daga iskar guba yana neman mahaifiyarsa a Landan lokacin ruwan bama-bamai na 1941. A 2007 ya rubuta "Blink", inda gumakan dutse suke matsowa kusa da kai duk lokacin da ka ƙifta ido. A 2015, cikin "Heaven Sent", ya kulle Peter Capaldi, Daktan lokacin, kusan shi kaɗai a wata fada har ƙarshen kashin. Idan ka jera su za ka ga mutum ne mai son ɗaure Dakta a wuri guda ya ga yadda zai kuɓuta da baki da tunani, mai son tsoron yara ƙanana, na duhu da inuwa da abin da ke bayanka, mai wasa da gaba da baya na zamani, kuma wanda ba ya son barin mamaci ya mutu gaba ɗaya. Wanda ya san wannan bai yi mamaki ba da Moffat ya dawo a watan Mayu 2024 da "Boom", ya sa Dakta ya taka nakiya a filin yaƙi ya tsaya cak kusan har ƙarshe. Wanda ya zo neman wani "Blink" kuwa ya tashi yana ƙorafi, alhali abin da aka ba shi Moffat ne tsantsa.

Davies daban ne, kuma tunda shi aka ce zai rubuta kashin Kirsimetin 2026, ya kamata a daɗe a kansa. Shi labarinsa daga gida yake tashi: uwa mai faɗa, ɗakin haya a unguwar talakawan Landan, talabijin a kunne ana karanta labaran mamayar baƙin halittu yayin da ake shan shayi. Yana son siyasa, yana son ba'a ga masu mulki da kafafen yaɗa labarai. Ƙarshen zangonsa yakan kumbura har ya cika duniya, sannan ya warware shi ta hanyar zuciya, wani ya sadaukar da kansa ko wata ta tuna wanda take ƙauna, ko da lissafin bai cika daidai ba. Wannan ne mutane suka fi sukarsa a kai, kuma sukar tana da tushe. Amma shi ne kuma ya rubuta "Midnight" a 2008, mutane kaɗan a cikin motar yawon buɗe ido guda, tsoro ya sa suka juya wa junansu baya, ba a kuma taɓa nuna mana fuskar abin da ya shigo musu ba. Kafin Kirsimeti ka kalli wannan, ka kalli "The Parting of the Ways" na 2005 don ka tuna abin da Rose ta zama da ta leƙa cikin zuciyar TARDIS, sannan "The Christmas Invasion" na shekarar, inda sabon Dakta David Tennant ya kwashe yawancin kashin a kwance, Rose da mahaifiyarta suka riƙe labarin. Za ka fahimci cewa kashin Kirsimeti a hannun Davies na iyali ne da ke zaune tare bayan cin abinci, har da kakar da ba ta san shirin ba. Kada ka sa rai zai amsa kowace tambaya da ta taru tun 1963.

Abu na gaba, ka tuna gidan wa ake aiki. Marubucin da aka gayyato kamar tela ne da aka kawo wa yadi aka kuma faɗa masa ɗinkin da ake so: hannunsa zai nuna a aikin, amma ba shi ya zaɓi yadin ba. Jagoran shirin, Davies daga 2005 zuwa 2010, Moffat zuwa 2017, Chris Chibnall zuwa 2022, sannan Davies kuma, shi ke tsara inda zangon zai dosa, shi ke cewa a saka wannan alama ko a cire wancan dodo saboda kuɗi. Davies da kansa ya bayyana, a littafin wasiƙunsa da ɗan jarida Benjamin Cook na 2008, yadda yake sake rubuta aikin marubuta da yawa ba tare da sunansa ya fito ba. Akwai kuma matsin lokaci. Dalilin da ya sa Dakta bai cika fitowa a "Blink" ba shi ne ana ɗaukar wani kashin a daidai wannan lokaci, Tennant ba zai iya kasancewa wuri biyu ba. Daga wannan takura aka samu kashin da ya ci kyautar Hugo, ta ƙagaggun labaran kimiyya, a 2008. Zangon 2005 kashi 13 ne, na 2024 da na 2025 kuwa takwas-takwas, saboda haka kowane kashi yanzu yana ɗauke da kayan da a da ake raba wa biyu. Idan ka ga an yi gaggawa a minti biyar na ƙarshe, ba lallai laifin sunan da ke kan allo ba ne.

Idan marubucin daga wani fagen ya fito, nemi aikinsa a can. Da aka ce Inua Ellams, haifaffen Jos, mawaƙi kuma marubucin wasan daɓe, zai rubuta kashi a 2025, abin da ya dace mai jira ya sani shi ne wasansa na 2017, "Barber Shop Chronicles", a shagunan aski yake gudana, daga Landan zuwa Legas da Akara da wasu biranen Afirka, maza suna hira ana yi musu aski. Da "The Story & the Engine" ya fito a watan Mayu, sai ga Dakta a shagon aski a Legas, inda labarin da kowa ya bayar a kan kujera shi ne man da ke tura injin, ga kuma 'yar Anansi, gizon tatsuniyoyin Akan na Gana, ɗan'uwan namu Gizo a wayo. Kashi ne na magana da sauraro, ba na gudu da harbi ba. Ni ya taɓa min zuciya ganin Dakta, a jikin Gatwa haifaffen Kigali, yana faɗin yadda yake samun sakewa a wurin da ba a kallonsa a matsayin bare. Haka ma Richard Curtis, da aka san shi da finafinan soyayya na ban dariya, a 2010 ya ba mu kashi a kan Vincent van Gogh da ciwon damuwarsa. Sunan marubuci yana nuna maka hanya, amma ka bar masa damar ya ba ka mamaki.

Batun hasashe fa? Yi abinka, rabin daɗin jira ke nan. Sai dai ka riƙe shi sako-sako. Wanda bai kalli zangon 2024 ba, ya tsallake wannan sakin layi. Makonni aka kwashe ana tafka muhawara a kan wace ce mahaifiyar Ruby Sunday, abokiyar tafiyar Dakta a zangon, wasu suka ce jikar Dakta ce, wasu suka ce wata babbar halitta ce daga tsohon tarihin shirin. Da amsar ta zo a watan Yuni, sai ta zama mace ce kamar kowa, wadda ta haihu tana 'yar shekara 15 ta ajiye jaririyar a ƙofar coci don ta tsira. Mutane da yawa sun ji kamar an yaudare su. Ina ganin Davies ya zuzuta sirrin fiye da kima, kuma wannan suka ce ta gaskiya. Amma amsar kanta irin tasa ce tun 2005: talaka mara suna shi ne mafi muhimmanci a labarin. Dabarar da ke taimakawa ita ce ka rubuta hasashenka a takarda, a ƙarƙashinsa ka rubuta abin da wannan marubucin ya saba yi. Idan biyun suka saɓa, na ƙasan ne zai fi yiwuwa.

Tallan shiri ka kalle shi sau ɗaya ka bar shi. Ba marubucin ne yake haɗa shi ba, sashen talla ne, kuma fashewa da ihu suke tsintowa ko da kashin mai sanyi ne. A ranar fitowa kuma ka kula da agogo. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Birtaniya ɗaya ne da na Najeriya da Nijar, a watan Disamba kuwa muna gabansu da awa ɗaya, Gana kuma daidai take da su. Tun kafin lokacin ka toshe sunan shirin da na 'yan wasan a X da Facebook, ka guji YouTube, domin hoton da ke fuskar bidiyo kaɗai ya isa ya fasa maka ƙwai.

Idan ka zauna kallo, ajiye waya. Minti arba'in da biyar ne ko awa guda, kuma Davies da Moffat duka suna jefa jimla ɗaya a farko wadda sai a ƙarshe za ta yi aiki. Da ka gama, kada ka rubuta komai a daren. Kwana a kai, ka sake kallo bayan kwana biyu, lokacin da na cikin ranka ya riga ya lafa. Sai ka tambayi kanka me marubucin ya yi niyyar yi, kuma ya cim masa ko bai cim masa ba. In bai cim masa ba, faɗi dalla-dalla inda ya gaza: wannan fitowar ta yi tsawo, waccan mutuwar ba a shirya mata ba, abokiyar tafiyar Dakta ba ta samu abin yi ba. Wannan suka ce mai amfani. Zagin mutum a shafinsa kuwa, kamar yadda aka yi ta yi wa Chibnall da Jodie Whittaker, Daktar zamaninsa, shekaru, bai gyara ko kashi ɗaya ba.

Kallo na biyun nan na fi nacewa a kai saboda kashi irin "73 Yards" na 2024, inda wata mata take bin Ruby daga nesa har tsufanta, kuma Davies ya ƙi faɗin abin da matar take gaya wa mutane har suke gudu. A karon farko hankali yana kan jiran bayani, sai ya ƙare ba bayani. A karo na biyu, da ka san ba zai zo ba, sai idonka ya koma kan Millie Gibson, mai fitowa a matsayin Ruby, ka ga labarin yarinyar da aka yasar tun tana jaririya ne, kowa yana sake gudunta ɗaya bayan ɗaya, har da matar da ta raine ta.