In kina jinya a likita, ga yadda za ki kare mara lafiyarki

'Yan uwa mata na Maradi, mu ne ke kwana a tabarma gefen gado, to a ji wannan. Akwai ciwon da mutum ke ɗauka a cikin asibitin kansa, yakan bayyana bayan awa 48 da kwanciya, kuma hannu ne babbar hanyarsa, namu da na ma'aikata duka.

Ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa mara lafiyarki, da bayan kin zubar da fo, butar ruwa kawai ba ta isa ba wallahi. Wurin da aka sa allurar ƙarin ruwa kar ki taɓa, in ya kumbura ko ya yi ja ki kira infirmiye nan take. Jakar fitsari ta zauna ƙasa da mararsa amma kar ta kwanta a daɓe, nan ne mutane ke sakaci, na ga wata ta ɗora ta kan cikin tsohuwa don ta gyara zane, fitsarin ya koma ciki.

Bandejin tiyata ba naki ba ne, bar wa ma'aikata. Masu dubiya kuma mai tari ya gaida ta waya, jarirai a bar su gida don Allah.