Ga mai son haɗa kayak ɗinsa na farko

Salamu alaikum 'yan uwa. Wani ɗan'uwa daga Samaru a Zariya ya tambayi wane zanen kayak (wato ɗan siririn kwale-kwale da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu) zai zaɓa, tunda bai taɓa haɗa kwale-kwale ba.

Malam, ka ɗauki na ɗinki da gam. Za ka yanka filawud mai kaurin milimita 4, ka huda gefuna, ka ɗinke su da wayar jan ƙarfe, sannan ka bi haɗin da ifoksi (wani gam mai ƙarfi da ba ya jin ruwa) da ƙyallen faiba (ƙyallen da aka saƙa da zaren gilashi). Wanda ake jera siraran katako ɗaya bayan ɗaya ya fi kyau a ido, amma zai ci maka watanni. Bar shi sai karo na biyu.

Ka kula da faɗi sosai. Siririn jirgi akwai gudu, amma kifewa ba ta yi masa wuya. A ruwan kwance irin na dam ɗin Shika, mai faɗin wajen santimita 70 zai fi ba ka natsuwa.

Wajen 'yan katako a Sabon Gari, ka nemi filawud na ruwa, wato wanda aka yi don ya jure ruwa. Ni na silin na fara saya don araha, damina ɗaya ya ɓare kamar albasa. Kuma don Allah kada ka shafa ifoksi a tsakar gida lokacin hunturu, ƙura za ta manne a kai.